Kujerar Baƙo: Nasiha Ga Ƙannena Matuƙa Masu Neman Ragin Hanya A Amurka

Ƙannena da kuka samu aikin tuƙin jirgin sama a Amurka, da ku da ke hanyar zuwa, assalamu alaikum. Kun sha tambayata yadda ake tara awa 1,500 na tuƙi da doka ke nema da yadda ake tsallake ganawar ɗaukar aiki. Har yau ban ji wanda ya tambaye ni yadda ake roƙon kujera ba, alhali ita ce za ta fi gasa muku aya a hannu a shekarunku na farko.

Ga wanda bai fara ba tukuna: a ɗakin matuƙa, bayan kujerar kyaftin da ta mataimakinsa, akwai wata 'yar kujera da ake jawowa daga jikin bango a warware, in an sauka a naɗe ta. Jamsit 'yan sana'a ke ce mata, ni kuwa kujerar baƙo nake kiranta. A ƙananan jiragen da za ku fara da su, irin su CRJ da Embraer 145, in an buɗe ta ƙofa take tarewa gaba ɗaya, gwiwarka na gogar akwatin rediyo, bayanka a miƙe tsaf kamar almajiri a gaban malam. Daɗi dai babu. Amma mutumin da iyalinsa ke Dalas, kamfani kuma ya ajiye shi a Nuwak, ranar da fasinja suka cika jirgi maƙil ita kaɗai ce za ta kai shi bakin aiki.

Ni a Chikago na koyi darasina, cikin hunturun shekarata ta farko. Dusar ƙanƙara ta sa an soke jirage tun safe, ina da tashi washegari da asuba, raina duk a jagule. Ma'aikaciyar ƙofar hawa jirgi ta duba ni a kwamfuta ta miƙo mini kati. Na ja akwatina na wuce masu kula da fasinja ko gaisuwa babu, na leƙa ɗakin matuƙa na ce, "Kyaftin, ni ne ɗan jamsit ɗinka yau." Ashe suna tsakiyar karanta jerin binciken da ake yi kafin tashi. Dattijon bai waiwayo ba. Sai da suka kai ƙarshe ya zare tabarau ya dube ni daga takalmi har hula, ya ce, "Yaro, sanar da ni kake yi ko tambayata kake yi?" Ya ce in koma bakin ƙofar jirgi in sake shigowa. Na koma, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gaida shugabar masu kula da fasinja, na jira suka yi shiru, na faɗi sunana da kamfanina, na miƙa katin shaida da lasisi da takardar lafiya, na ce ina roƙon ya rage mini hanya. Ya ce, "Zauna, sannu da zuwa."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun daga gida. Wa zai tsayar da motar mutum a hanyar Zariya, ya buɗe ƙofa ya zauna, sannan ya ce shi ne wanda za a rage wa hanya? Yunifom ne ya ruɗe ni na manta da sallama.

Kuma ba zancen ladabi kaɗai ba ne, doka ce. Sashe na 121.547 na dokokin hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, shi ya jera waɗanda aka yarda su shiga ɗakin matuƙa, kuma irinku ba sa shiga sai da izinin kyaftin. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an rufe wa matuƙan da ba na kamfanin da ke da jirgin ba wannan ƙofa, sai da aka kawo tsarin CASS, wanda ke nuna wa ma'aikacin ƙofa hotonka da tabbacin cewa har yanzu kamfaninka na riƙe da kai. Iyakar aikin kwamfutar ke nan, ta ce kai ne. Katin da aka ba ka kuwa damar zuwa ka roƙa ce. Ko da an ce akwai gurbi a baya cikin fasinja, matuƙar da sunan jamsit ka shigo, je ka gaida mai jirgi ka nuna takardunka kafin ka zauna.

To, sai maganar wa ke gaba, inda rigima ta fi yawa. Sufeton FAA da ya zo duba aiki ba a ja da shi, doka ta ce a ba shi. Malamin kamfani da ya zo gwada matuƙan jirgin ma aiki ya kawo shi. Daga nan sai matuƙan kamfanin da ke da jirgin, sannan na kamfanonin da ke ƙawance da su, sannan sauran baƙi masu yarjejeniyar a-ba-ni-in-ba-ka. A cikin rukuni ɗaya wasu kamfanoni daɗewa a aiki suke bi, wasu wanda ya riga rubuta suna. Karanta jerin kamfanin da za ka hau tun kana gida, kada ka tsaya kana musu da ma'aikaciyar da ke da fasinja ɗari da hamsin a kanta da agogo yana gudu. Na taɓa ganin wani yana ɗaga mata murya wai ya fi awa biyu a wurin. Wanda ke gabansa a jeri ya iso saura minti ashirin, aka ba shi, kuma daidai aka yi.

Sai dai jeri ba ya hana mutunci. In jirgin kamfaninka ne, kana da damar zama a baya a matsayin ma'aikaci, ga kuma baƙo daga wani kamfani wanda jamsit kaɗai ke iya ɗaukarsa, ka karɓi kujerar bayan ka bar masa ta gaba, ku tafi ku biyu. Haka in kai yawon hutu za ka, shi kuwa aiki zai kama ko jana'iza zai riska, kana iya janyewa duk da kana gabansa. Ba wanda zai tilasta ka. Amma sana'ar nan ƙarama ce ƙwarai, fuskar da ka bari a ƙofa yau ita za ka tarar a kujerar hagu, ta kyaftin, bayan shekara biyar.

Da zarar ka ɗaura bel a kujerar nan, ka daina zama fasinja, ka zama ido na uku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kashe waya, sa na'urar kunne ka saurari hasumiyar masu ba jirage umarni, ka san inda takunkumin oksijin ɗinka yake, ka saurari bayanin hanyar fita ko da ka ji shi sau ɗari. Ƙasa da ƙafa 10,000 babu hira, dokar nan tun 1981 take. Amma in ka ji an ba su tsayi sun saita wani daban, ko ka hango jirgi a titin da za su tsallaka, buɗe baki ka faɗa. Kawaicin nan namu na kada a gyara wa babba a gaban mutane, ajiye shi a bakin ƙofa. Ranar 28 ga Oktoba 2018, wani Boeing 737 MAX na Lion Air da ya tashi daga Bali zuwa Jakarta ya yi ta dunƙufar da hancinsa ƙasa da kansa, akwai matuƙi na uku a kujerar baƙo da ya taimaka aka gano a katse wutar injin da ke juya wutsiya, suka sauka lafiya. Washegari jirgin nan dai ya faɗa teku da mutum 189.

In kuma kyaftin ya tsare ka da ido yana jan ka da hira kafin ya amsa, kada ka yi saurin cewa don fatarka ko sunanka ne. Akwai masu wannan halin, ban musa ba. Amma mutumin na da dalilin auna wanda zai zauna a bayan ƙeyarsa. A 1994 wani ma'aikacin kamfanin jigilar kaya na FedEx da ya hau a matsayin baƙo ya far wa matuƙa uku da guduma bayan sun tashi daga Memfis. A Oktoban 2023 wani matuƙi da ke jamsit ɗin jirgin kamfanin Horizon ya kai hannu zai ja maɗauran kashe gobara da ke katse wa injuna mai, aka karkata jirgin zuwa Fotlan. Daga baya ya ce ya daɗe bai runtsa ba, kuma ya ci wani naman kaza mai gusar da hankali kwana biyu kafin nan. Giya an hana ɗan jamsit ko a baya yake zaune, wannan kam mafi yawanmu bai shafe mu ba, alhamdu lillahi. Amma ƙwayar barci fa? Da kwana biyu ba runtsawa? In ba za ka iya tuƙa jirgin ba a halin da kake ciki, kada ka roƙi kujerar.

Wannan ya kawo ni kan gajiya, wadda na san za ku raina. Jirgin Colgan Air mai lamba 3407 da ya faɗi kusa da Bafalo ranar 12 ga Fabrairu 2009 ya ci mutum 50. Mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, a yankin Siyatil take zaune, wurin aikinta Nuwak. Dare guda ta kwashe tana bin jiragen kaya ta Memfis kafin ta iso. Masu bincike sun ɗora asalin laifin kan yadda kyaftin ya amsa gargaɗin jirgi, amma sun yi dogon bayani kan gajiya, kuma daga hatsarin nan aka samo dokar awa 1,500 da kuke kuka da ita. Na san albashin farko bai kai ka riƙe gida biyu ba. Haɗa kuɗi da 'yan uwa ku kama ɗaki kusa da filin jirgi, ka taho tun jiya, ka tanadi jirgi biyu ko uku da za su iya kai ka. Wanda ya jira jirgin ƙarshe sannan ya zo yana marairaice wa kyaftin da nauyi ya riga ya yi wa jirginsa yawa, ya ɗora wa wani kayan sakacinsa ne.

Wasunku nan da shekara uku za su koma kujerar hagu. Ranar nan, kada ku mai da jamsit sandar rama gayya don rikicin ƙungiyar ƙwadago ko don wani daga kamfanin su wane ya taɓa hana ku. Kuma kada ku dogara da cewa ma'aikacin ƙofa zai sanar da ku akwai mai roƙon kujera. Ni saura minti goma sha biyar a rufe ƙofa nake tashi in taka zuwa wurin jira in duba da idona. Mai roƙon kujera ba shi da wuyar ganewa: yana tsaye gefen kanta, hula a hammata, hannu ɗaya a kan akwati, ido a kan allon da ke nuna kujerun da suka rage. A makon jiya wata yarinya ce mai igiya uku a kafaɗa, alamar mataimakiyar kyaftin, za ta kama aiki a Ditroit da asuba. Ma'aikacin ya ce mini lokaci ya ƙure, kwamfuta kuma tana jan ƙafa. Na ce ya sake gwadawa, ina nan tsaye. Muka tashi da lattin minti huɗu, na rubuta shi da sunana.