Shekara uku ana yi wa yaro Faransanci, amma ko ruwa ba zai iya tambaya a Kwatano ba

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a Najeriya ya san yadda ajin Faransanci yake. Malam ya shigo, ya cika allo da sauye-sauyen fi'ili, a kwafa, a haddace, ranar jarrabawa a amayar, shi ke nan. To wannan salo fa ba mu muka ƙirƙiro shi ba, gadonsa muka yi daga Turai, inda a ƙarni na 19 ake koyar da harsuna kamar yadda ake koyar da Latin, tsohon harshen Rumawa, wato nahawu da fassara kawai, babu ruwan kowa da magana.

Kuma tun a lokacin an gane akwai matsala. Wani malami Bafaranshe mai suna François Gouin ya tafi birnin Hamburg na Jamus don ya koyi Jamusanci, ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu, daga baya har ƙamus ya bi ya haddace, amma da ya shiga cikin mutane sai ya ji kamar ana buga ganga, ko kalma ɗaya bai kama ba. Da ya koma gida sai ya tarar da wani yaro ɗan'uwansa ɗan shekara uku yana zuba Faransanci, ba allo ba ƙamus. Abin ya tsaya masa a rai har ya fitar da nasa tsarin koyarwa a 1880. A Amurka kuma wani malami mai suna Berlitz ya buɗe makaranta a 1878 inda malami ba ya magana da ɗalibi sai da harshen da ake koya.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka suka matsu da masu jin harsuna, aka koma maimaita jimloli har baki ya saba, wannan ma daga baya aka ga aku kawai yake samarwa. Daga shekarun 1970 ne aka fi karkata ga sa ɗalibi ya yi amfani da harshen, ya yi ciniki, ya tambayi hanya, ya yi kuskure a gyara masa.

Ni dai ban ce a jefar da nahawu ba. Malamanmu na zaure da nahawu da fassara suka yi Larabci kuma suna warware manyan littattafai, don karatu salon yana aiki, magana ce ba ya bayarwa. Mu kuwa Faransancin don magana muke buƙatarsa, Nijar da Benin da Chadi da Kamaru duk sun kewaye mu. Gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, ɗaliban jami'a ke zuwa, to amma yaran sakandare fa? Ɗan kasuwar da ke zuwa Kwatano sayen mota, a 'yan tafiye-tafiye yana iya ciniki da Faransancinsa na kan titi, ɗansa kuwa mai sakamako mai kyau a makaranta yana gefe ya yi shiru.