Mun ci abincinta, sannan muka tura ɗakin ibadarta a WhatsApp

Tun daren jiya raina a ɓace yake, kuma 'yan zauren WhatsApp ɗinmu na unguwar Kipseli a Atina sun san dalili. Bidiyon nan da aka tura, da dariyar da ta biyo baya, da masu rubuta "mayya", masu rubuta "matsafiya", har da mai ba ni shawara in tattara kayana in bar ginin. To ku sani, ni na kai yaron da ya ɗauki bidiyon gidan matar, maƙwabciyata 'yar Girka mai bautar tsofaffin allolin ƙasarta. Ni na ce mata ƙanena ne, bai daɗe da sauka Atina ba, bai san kowa ba. Ta dafa mana miyar wake da man zaitun, ta tambaye ni har sau biyu ko akwai abin da addininmu ya hana a ciki, kwalbar giyarta ma ta mayar da ita kabad don kada ta dame mu. Shi kuwa ya ce zai zaga bayi, ya tsaya a lungun da ke kusa da kicin ya ɗauki bidiyon teburin ibadarta da waya, ya dawo ya zauna ya ƙara miya.

Wannan cin amana ne, kuma ba ni da wani suna da zan ba shi. Ba a shiga gidan mutum a ci abincinsa, a sha ruwansa, a fita a mayar da abin da yake bauta wa abin dariya a gaban mutum ɗari.

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa mini a waya da safe: ai shirka ce. Eh, shirka ce. Ni Musulmi ne, ban taɓa zuba wa allolin nata, Zeus ko Hestiya, ko ɗigon ruwa ba, ba kuma zan yi ba har in koma ga Allah. Ita ma ta san haka, shekara shida muna hawa bene ɗaya. Amma wa ya ce muku kasancewar abu shirka ya halatta cin amanar maƙwabci? Aya ta 108 a Suratul An'am ƙarara ta hana mu zagin abin da wasu ke kira ban da Allah, don kada su rama da zagin Ubangijinmu cikin jahilci. Wanda ya haddace wannan ayar kuma ya danna alamar dariya a ƙarƙashin bidiyon, shi ya san abin da zai faɗa wa kansa.

Bari in gaya muku abin da kuka gani a bidiyon, tunda kun gani ba ku tambaya ba. Fitilar man zaitun ɗin nan ta Hestiya ce, wadda suke ɗauka uwar murhun gida, da ita suke fara kowace addu'a kuma da ita suke rufewa. Kwanon ruwan da wani ya ce "jini ne aka wanke", ruwa ne kawai take tsoma ganye mai wuta a ciki, ta wanke hannu da fuska kafin ta tsaya. Ƙaramin tulun da aka naɗe da farin zaren ulu, ruwa ne da mai da 'ya'yan itace a ciki, na roƙon albarkar rumbun abinci ne daga Zeus. Da safe takan sa turaren wuta, ta ɗiga zuma ko madara, ta yi 'yan kalmominta, ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwa. A daren ƙarshe na wata takan share gidan tas, ta biya duk wanda yake binta bashi, ta fitar da abinci da sunan Hekate, wata daga cikin allolinsu, wanda sau da yawa wani mai kwana a bakin titinmu ne ke cinye shi. Washegari idan jinjirin wata ya tsaya ta yi murnar sabon wata. Shi ya sa duk shekara ita ce mutum ta farko a ginin nan da ke tare ni a matakala ta ce, "Ɗana, an ga watan azuminku?" Ni kuma in ce, "Iya, sai gobe." Babu kaza, babu jini, babu kan mutum. Iyakar abin ke nan.

Kuma kada wani ya zaci a ƙasarta take don haka hankalinta a kwance yake. Tun shekara ta 392 Sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta wannan bautar, dokar ta shiga har cikin ɗaki, ta hana kunna fitila da sa turare ga allolin gida. A 529 aka rufe makarantar falsafa ta Atina. Tsarin mulkin Girka na yau ma, a sashe na 3, cocin Otodoks ya ambata a matsayin addinin da ke da rinjaye. Ƙungiyar masu bin addinin matar, mai suna YSEE, a 1997 aka kafa ta, amma sai a 2017 hukuma ta amince da addinin nasu a matsayin sanannen addini, wanda zai iya buɗe wurin ibada ya kuma ɗaura aure. Baƙi na biyan kuɗi su hau tudun Akropolis su ɗauki hoton tsohon ɗakin bauta na Fartenon, ita kuwa mai bin addinin da aka gina shi dominsa, ƙanwarta ta ciki ɗaya ta daina gaishe ta. Da bakinta ta gaya mini. Matar da ke ɓoye wannan teburin ga danginta, ta bar shi a buɗe a gabanmu saboda ta yarda da mu, mu kuma muka tura shi duniya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce mu ne muka yi wannan. Mu da muka shekara da shekaru muna sallar Juma'a a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da garejin mota, muna shiga ɗaya bayan ɗaya don kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Masallacin unguwar Botanikos sai a Nuwamba 2020 aka buɗe shi, ko hasumiya babu. Waɗanda suke nan a 2013 sun tuna yaron Pakistan ɗin da aka daɓa wa wuƙa a Petralona yana kan kekensa zai tafi aiki da asuba, sun tuna yadda muka daina fita da jallabiya bayan magariba. Da a lokacin wani Bagirke ya ci abinci a gidanka ya ɗauki hoton dardumarka da carbinka ya tura wa abokansa suna dariya, me za ka kira shi? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa ake yi, ba a tsaya ɗaukar bidiyo.

Mai cewa wa'azi ne, ka yi haƙuri, wa'azi a gaban mutum ake yi, da ladabi, ba a bayan idonsa ba. Mai cewa yaro ne bai sani ba, shekararsa ashirin da bakwai, kuma daga inda ya fito kakanninmu sun zauna da Maguzawa ƙauye ɗaya, sun sayi hatsinsu, sun ci kasuwa tare, ba su leƙa musu ɗaki ba. Ƙanena, baƙo raɓa ne. Ka goge bidiyon, duk wanda ya tura gaba ma ya goge, kuma da yamma za mu hau hawa na uku tare ka ba ta haƙuri da bakinka. Zan fassara maka.

Tunda kuma zauren ya cika da masu kishin addini tun jiya, ga aiki. Har yanzu in ɗayanmu ya rasu a garin nan sai an kai gawa can arewa wajen Komotini ko a sa ta a jirgi zuwa gida, kuma kowa ya san kuɗin da hakan ke ci. Asusun jana'iza wata uku ke nan mutum goma sha ɗaya kawai ke sakawa. Littafin yana hannuna, ranar Lahadi bayan la'asar ina nan a inda muka saba haɗuwa.