Ba kowane kumburin ciki ne ulsa ba

A wurinmu da zarar cikin mutum ya yi ƙugi ko ya kumbura, an gama yanke hukunci: ulsa ce. Sai kemis, sai farin ruwan magani. Ni kuwa a ganina wani lokacin madara ce ke kawo kumburin, kuma da yawa daga masu cewa "madara ba ta karɓe ni ba" lafiyarsu ƙalau, wani sinadari ne kawai ya ragu a hanjinsu.

Abinci ba ya shiga jini yadda aka haɗiye shi, sai an farfasa shi tukuna. Masu wannan aikin su ne sinadaran narkarwa da masana ke kira inzayim, kuma kowanne da abin da yake iya buɗewa, kamar makulli da kwaɗonsa. Amilas na cikin miyau shi ke fara karya sitaci, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya soma zaƙi. A tumbi akwai pepsin, wanda Bajamushe Theodor Schwann ya gano a 1836, yana aiki cikin tsami mai ƙarfi a kan furotin na nama, ƙwai da wake.

Na madara shi ne laktas, a ƙaramin hanji. Jariri yana da shi isasshe, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin yawancin mutanen duniya. To sukarin madarar da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su far masa. Daga nan iska, murɗa, wani lokacin har da zawo.

Fulani da yawa ba sa rasa laktas har tsufa, gado ne na al'ummar da ta daɗe da kiwo. Don haka kar ka gwada kanka da su. Kuma ka lura, wanda shayi mai kaurin madara ke wahalarwa sau da yawa yakan sha fura da nono lafiya lau, domin tsamin da nono ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin.

Kafin ka sake sayen magani, daina madara na ɗan lokaci ka gani. Amma in akwai rama, amai ko baƙin bayan gida, wannan kam asibiti za ka nufa, ba kemis ba.