Kafin MTV akwai Panoram

Akwai labarin da ke cewa bidiyon waƙa daga MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi a Amurka, ya faro, ai kuwa an yi tuya an manta da albasa. Tun 1940 kamfanin Mills Novelty na Chicago ya ƙera akwatin Panoram, ana girke shi a mashayu da gidajen cin abinci a Amurka. Ka jefa sulen senti 10, fim ɗin waƙa na minti uku ya fito a gilashin. Abin haushin shi ne ba ka da zaɓi: waƙoƙi takwas ne a jere a faifai guda, wadda ta zo kanka ita ce rabonka. Mawaƙa baƙaƙen fata irin su Duke Ellington da Fats Waller sun fito a waɗannan gajerun fina-finan waƙa da ake kira Soundies, a zamanin da Hollywood ke musu rowar fili.