Kamfanin tallan da ba ya iya ce wa kwastoma "sai gobe"

Masu kamfanonin talla da manajojinsu, yau da ku nake, kuma ina magana ne a matsayin wanda yake cin abinci a wannan sana'a, yake kuma ƙaunarta. Yanzu kowane kamfani yana so a san yana kula da ma'aikatansa. Ana yanka kek ranar zagayowar haihuwar ma'aikaci, ana fita cin abinci tare a ƙarshen wata, ana ɗinka riguna masu tambarin kamfani. Duk wannan yana da kyau, yana ƙara zumunci. Amma a ganina lafiyar ma'aikacin talla tana rataye ne a kan amsar da oga yake bayarwa idan kwastoma ya bugo waya ƙarfe tara na dare ya ce a sauya komai kafin gari ya waye. Sau da yawa amsar ita ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Wanda zai ɗauki nauyin wannan alkawari kuwa yana gida, ya riga ya cire takalmi. Mai zane ne, yaro matashi. Zai buɗe kwamfuta a kan cinya, babu wuta, batir ya kusa ƙarewa, ya haɗa intanet da datar da ya saya da kuɗinsa. Saƙo na shigowa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp: a ƙara girman tambarin, jan ya yi duhu, a sa hoton Alhaji a dama. Wajen ƙarfe ɗaya na dare sai a ce Hajiya ta gani, ta fi son na farkon. Da safe idan ya makara da rabin awa, a gaban kowa za a yi masa faɗa. Haka yarinyar da take riƙe shafukan kwastomomi: wayarta ba ta mutuwa, tana kwance tana amsa zagin mutanen da kayansu bai iso ba, alhali ba ita ta sayar musu ba. Lokacin azumi da jajibirin Sallah da kakar zaɓe kuwa sai wanda ya gani.

Wasu za su ce ai haka sana'ar take ko'ina a duniya. Gaskiya ne, kuma an ga inda hakan ya kai mutane. Dentsu shi ne kamfanin talla mafi girma a Japan. A watan Afrilun 2015 ya ɗauki wata matashiya mai suna Matsuri Takahashi, wadda ta gama Jami'ar Tokyo, aka sa ta a sashen tallan intanet. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekarar ta kashe kanta, tana da shekara 24. Binciken hukumar ƙwadago ya gano cewa a wata guda ta yi aikin wuce lokaci na kimanin awa 105, hukumar kuma ta tabbatar aikin ne sanadi. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya sauka daga muƙaminsa. Kamfanin ya fara kashe fitilun ofis da ƙarfe goma na dare don a tilasta wa mutane tafiya gida. A 2017 kotu ta ci tarar sa yen 500,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba ga kamfani irin wannan. Sai a 2019 dokar da ta iyakance awannin wuce lokaci ta fara aiki a ƙasar. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ba ita ce ta farko ba. Tun 1991 wani matashin ma'aikacin kamfanin ya mutu ta wannan hanya, har Kotun Ƙolin Japan ta ɗora wa kamfanin alhaki a shekarar 2000. Sun sani, suka ci gaba.

Ko babu irin wannan mummunan ƙarshe, jiki yana karɓar bashinsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Duk wanda yake cikin harkar talla ya lissafa awannin makonsa, har da na waya a kan gado, ya ga inda ya tsaya.

Ban ce masu kamfanoni mugaye ne ba. Na san tsoron da yake hana su cewa a'a. Kamfanoni sun yi yawa, kowa da kwamfuta ya zama mai talla, kwastoma kuma ya san idan ka ƙi, akwai goma a layi. Za ka kwana kana shirya dabarar talla kyauta don neman kwangila, a ba wani. Idan ka samu aikin, kuɗin sai ya yi watanni bai fito ba. Shi ya sa a 2021 hukumar kula da talla ta Najeriya, wadda yanzu ake kira ARCON, ta fitar da ƙa'idar cewa a biya kuɗin aikin talla cikin kwana 45. To amma idan kwastoma ya matse oga, bai halatta oga ya juya ya matse na ƙasa da shi ba. Shi ya sa hannu a kwangilar, shi yake cin ribar, shi ya kamata ya tare.

Tarewar kuma daga takardar yarjejeniya take farawa. A rubuta sau nawa kwastoma zai iya neman gyara kafin ya ƙara kuɗi. A rubuta cewa aikin gaggawa yana da farashinsa, wani kaso na kuɗin kuma ya shiga aljihun wanda ya kwana a kai, a ba shi hutun washegari. A cire lambar ƙananan ma'aikata daga hannun kwastoma, ya riƙa bi ta wurin mutum ɗaya. Faransa tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum yake da 'yancin kashe waya. Mu ba sai mun jira majalisa ba, oga zai iya yanke wannan a zama ɗaya.

Sai albashi a kan kari. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci, jinkirin mako biyu yana jefa shi cin bashi. A zuba kuɗin fansho da aka cire masa a asusunsa, a yi masa inshorar lafiya, a bar shi ya tafi hutun shekara ba tare da ana kiransa ana tambayar inda ya ajiye fayil ba. Mace idan aiki ya kai ta dare, kamfani ya kai ta har ƙofar gida.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Idan zane bai yi ba, a kira mai shi gefe a nuna masa. Idan kwastoma ya yaba, a faɗi sunan wanda ya kawo dabarar. Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan kunya da haƙuri, za ka tambayi mutum ya aiki ya ce alhamdulillahi alhali kwana uku bai yi barcin kirki ba. Manajan da yake jiran a kawo masa kuka ba zai ji komai ba sai ranar da aka ajiye masa takardar barin aiki. Shi ya kamata ya duba wane ne yake tura aiki ƙarfe biyu na dare, ya tambayi wanda ya sa shi, sannan ya ɗaga waya ya kira kwastoman ya ce masa, "Alhaji, wannan gyaran sai gobe ƙarfe goma."