Lema, Iska da Wani Dattijo Mai Sanda

Masu tare ni suna tambayar dalilin da gefen gemuna ya yi shuɗi, ga amsarku a dunƙule, don na gaji da ba da labarin ɗaya bayan ɗaya. Kun san na jima ina zane a ɗaki, kun kuma san wanda ya yi ta zuga ni cewa duk mai zanen da bai taɓa fita fili da fentin mai ba, bai ma fara ba. Shi ya ara mini akwatinsa, irin na Faransa ɗin nan mai naɗewa: ka buɗe, ƙafafu uku su fito, murfi ya zama majinginar allo, aljihu ya zaro da fenti da buroshi a ciki. Na haɗa da lema da kwalbar tafantain, wato ruwan tsinka fenti, da tsummoki, na saɓa a kafaɗa, na nufi bakin rafi inda ake hango tsauni. Wanda ya ce abin nan na tafi-da-gidanka ne, wallahi bai taɓa hawa tudu da shi ba.

Kafa shi kaɗai ya cinye mini sanyin safiya. Kowace ƙafa da notinta mai kunne biyu, ka ɗaure wannan, waccan ta sulale. Ta baya kuwa notinta juyawa kawai yake yi ba ya kamawa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Na dai samu ya tsaya, na maƙala lemar a jikin akwatin yadda mai shi ya nuna mini, don in rana ta bugi allo ido yakan yaudare ka, ka yi ta haɗa kala mai duhu, sai ka koma gida ka tarar dare ka zana. Lokaci kuma ba ya jira. Sa'a biyu ce a hannunka, daga nan inuwa ta juya, tsaunin da ka fara ba shi ne a gabanka ba. Na tsinka fenti da tafantain na fara shimfiɗa manyan wurare masu duhu, ina jin kaina.

Sai ga dattijon.

Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Sallama kawai na ji a bayan kafaɗata ta hagu, da "Sannu da aiki, ɗana." Na ce yauwa Baba, sannu da zuwa. Na zaci wucewa zai yi. Ya dogara sandarsa ya tsaya. Ba ya magana, amma numfashinsa yana bin buroshina. In na ja layi ya ce "uhm". In na goge da tsumma ya ce "uhm" mai ɗan tsawo, wato dama ya san za a goge. Hannuna da ya saba tafiya shi kaɗai ya fara neman izini.

Can ya miƙo bakin sandar, saura kaɗan ta taɓa allon, ya ce, "Ɗana, wace dabba ce nan ta kwanta?"

Na ce, "Tsaunin ne, Baba."

Ya ɗaga kai ya kalli tsaunin. Ya sauke ya kalli allon. Ya sake ɗagawa, wannan karon har da kare ido da tafin hannu, ya daɗe, kai ka ce ba tsaunin da ya tashi yana gani ba ne. Sannan ya tambaye ni, da tausayi na gaske a muryarsa, ko ba ni da waya ne. Kafin in amsa ya laluba aljihu ya zaro tasa, ya ɗauki tsaunin, ya nuna mini. Abin da ya fi ƙona mini rai, hoton ya yi kyau.

Nan fa na shiga kare mutuncin sana'a. Na ce masa Baba, wannan aiki ne mai tarihi. Na ce fita da fenti waje bai yi sauƙi ba sai da wani mai zane ɗan Amurka da ke zaune a Landan, John Rand, ya ƙirƙiro kwanson matsawa na ƙarfe mai laushi a 1841, irin wannan da ke hannuna. Na ce kafin nan a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda da ƙusa a matso, sauran ya bushe ko mafitsarar ta fashe a jaka. Ina cikin bayani na ga ya ja baya taku guda.

"Mafitsarar me?"

Na ce, "A'a Baba, da can ne. Yanzu babu."

Ya ce to. Amma daga lokacin ya daina kallon allon, ya koma kallon hannuwana.

Iskar ba ta yi sallama ba. Na dai ji ganye sun yi motsi a hayin rafi, sai lemar ta cika ta yi sama, ta ja akwatin gaba ɗaya. Ƙafar baya ta shige cikin kanta. Ku dubi halin da nake ciki: buroshi ɗaya a hannun dama, ɗaya a baki, tsumma a hagu. Na saki tsumma na kai wa lema cafka, ban same ta ba, akwatin ya tuntsuro kaina, allon da ɗanyen fentinsa ya manne mini a ƙirji. Farantin haɗa kala ya sulalo ya tsaya a cinyata, ta fuskar da kuke tsammani. Kwalbar tafantain ta faɗi tana tuttulewa a kan takalmina. Na rungume akwatin da hannu biyu, na tokare shi da gwiwa a madadin ƙafar da ta gudu, lema ta kife ta rufe mini kai. Haka na tsaya. In na motsa dama fenti ya zube, in na motsa hagu allo ya faɗi, ga buroshi a baki ba halin ihu.

Ta ƙarƙashin lemar ƙafafunsa kawai nake gani, ba su motsa ba. Sai muryarsa, a natse:

"Ɗana, a riƙe maka wani abu?"

Na tofar da buroshi na ce, "Lemar, Baba, lemar!"

Ya fara neman inda zai ajiye sandarsa. Ya gwada jingina ta da wani dutse, ta zame, ya ɗauka ya kwantar da ita a ƙasa, ya gyara mata kwanciya. Ya naɗe hannun riga na dama. Ya naɗe na hagu. Ya matso, ya miƙo hannu, sai ya tsaya cak.

"Abin aladen nan bai taɓa ta ba ko?"

Amsar tana bakina iska ta biyu ta iso. Ni da akwati da lema muka tafi tare. Allon ya rabu da ƙirjina ya kife a yashi, ni kuma na dira da gwiwar hannu a kan kwanson shuɗi da na bari a buɗe.

Waɗanda ke zane sun san shuɗin da nake nufi, fitalo, wanda ya shigo kasuwa tun 1935. Ɗan ɗigonsa yana rina tulin farin fenti. Na miƙe, zufa tana zuba, na share fuska da hannu. Na ji danshi, na sake sharewa da ɗayan. Na ɗauki tsumma don in gyara, ashe tsumman ya riga ni shan shuɗin. Fentin mai kuma ba ya bushewa don iska ta kaɗa shi. Man linsid ɗin da ke cikinsa sai ya zuƙi iskar oksijin a hankali kafin ya daskare, abin kwanaki. Saboda haka duk abin da na taɓa daga nan har gida ya samu rabonsa: mariƙin ƙofa, waya, makulli, bango, da wuyan rigar wani da ya rungume ni kafin ya duba.

Duk wannan na yafe. Ga abin da ban yafe ba. Wurin nan da babu kowa, ina faɗuwa mutane suka tsiro, yara da manya. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya zama mai ba da labari. Yana nuna inda na tsaya, yana kwaikwayon yadda na rungume akwati, har da ɗaga gwiwa, abin da ban zaci gwiwarsa za ta iya ba. Kuma duk wanda ya iso sai ya ce masa, "Sai da na faɗa masa, iskar nan takan taso da zarar rana ta ɗaga." Bai faɗa ba! Mutumin nan ya tsaya a bayana ya yi maganar dabba, ya yi maganar waya, ya yi maganar alade, bai ambaci iska ko da wasa ba. Na buɗe baki zan ƙaryata shi, sai na tuna da wace fuska zan yi musun. Wani yaro ma ya tambaya ko rini nake koya.

Da na ɗaga allon, yashi ya lulluɓe sama, ciyawa ta tsiro a tsauni, wata tururuwa tana ta fama a tsakiyar rafi. Dattijon ya leƙo ya ce yanzu ya fi kama. Sannan ya ce in ba na so in ba shi, akwai wata taga da yake son toshewa.

Mai akwatin kuwa, da na kira shi, sai da ya yi dariya har ya shaƙe, sannan ya fara ba ni haƙuri da tarihi. Wai zanen da shahararren mai zanen Faransa Monet ya yi a bakin teku a garin Trouville na ƙasarsu a 1870 har yau akwai ƙwayoyin yashi a cikin fentinsa, kuma yana rataye a babban gidan zane na Landan. Wai a 2017 wani gidan tarihi a birnin Kansas na Amurka ya sanar da gano gawar fara a cikin zanen itatuwan zaitun da wani shahararren mai zane, Van Gogh, ya yi a 1889. Wai shi Monet ɗin ma a 1885 igiyar ruwa ta yi awon gaba da shi da kayansa a gaɓar tekun Étretat a Faransa, farantin kala ya mare shi a fuska, gemunsa ya yi shuɗi da rawaya. Na ce na ji, amma babu inda aka rubuta cewa akwai wani a bayan Monet yana naɗe hannun riga.

Na tambaye shi batun notin. Ya ce au, ai shi tsinke yake cusawa, kuma yakan rataya jakar duwatsu a tsakiyar ƙafafun, lemar ma in da iska a ƙasa yake kafa ta. Ya ɗauka ya gaya mini. Shi ma ke nan ya faɗa. Yanzu yana son akwatinsa ranar Asabar, a wanke, ni kuma notin ma ban san inda ya faɗi ba.