Jan zoben M42 da ganyen hanyar Zariya

A shekarar farko da na fara bin babbar hanyar M42, wadda ta ratsa gabashin Birmingham, ba abin da ke ba ni haushi kamar allunan lantarkin da aka rataya a saman kowane layi. Hanya a buɗe take, gari ya waye sarai, amma sai lamba 50, wato iyakar gudu, ta bayyana cikin jan zobe, alhali dokar Birtaniya ta yarda da mil 70 a awa ɗaya, wato kusan kilomita 113. Na ɗauka dabarar tatsar kuɗi ce kawai, domin akwai kyamarori a jikin wasu allunan, kuma tarar wanda ya zarce tana farawa ne daga fam 100 da maki 3 na laifi a lasisinsa. Yanzu ina cikin masu kare waɗannan alluna, kodayake ba duk abin da aka gina a kansu na yarda da shi ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne allon yana ganin abin da idona bai kai gare shi ba. An binne wayoyi a cikin kwalta, kusan kowace mita 500, suna ƙirga motocin da ke wucewa da kuma gudunsu. Da zarar motoci sun fara matsewa a can gaba, sai kwamfuta ta sauke lambar zuwa 60, ko 50, ko ma 40 ga waɗanda ke tafe a baya. Duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san irin cunkoson da ba shi da dalili: direba ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, kafin a kai kan na goma an tsaya cak, kuma idan ka isa wurin ba za ka tarar da haɗari ko aikin hanya ba. Idan aka daidaita gudun dukkan layuka, babu ribar tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan, taka birkin gaggawa ya ragu, motoci su riƙa tafiya kamar ayari. Sau da dama na fi isa ofis da wuri a ranar da allon ya riƙe mu a 50 fiye da ranar da aka sake mu, kowa ya taka mai, muka je muka cushe a gaba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ta fuskar tsira da rai lissafin a fili yake. Littafin dokokin hanya na ƙasar ya nuna cewa mota mai gudun mil 70 tana bukatar kimanin mita 96 kafin ta tsaya, mai gudun 50 kuwa mita 53. Tazarar da ke tsakani ita ce ke raba wanda ya tsaya da wanda ya afka wa bayan motar da ta maƙale.

An fara wannan tsari na allunan gudu a kan M25, hanyar da ta zagaye Landan, a 1995. A 2006 aka ƙara masa wani abu a M42: buɗe gefen hanya, inda motar da ta lalace ke fakewa, domin a bi shi a lokutan cunkoso. Daga baya aka zarce, aka mayar da gefen cikakken layi dare da rana a hanyoyi da yawa, kuma nan ne aka yi kuskure. Motoci suka riƙa mutuwa a tsakiyar layi babu mafaka, aka yi asarar rayuka, jama'a suka fusata, har gwamnatin Rishi Sunak ta soke gina sababbin hanyoyi irin waɗannan a watan Afrilun 2023. A ganina laifin na cire gefen hanya ne, amma a bakin mutane an haɗa shi da allunan gudu an yi musu kuɗin goro.

Duk lokacin da na ga jan alamar X da ke rufe layi saboda mota ta lalace, hanyar Kaduna zuwa Zariya nake tunawa. A wata tafiya da na yi gida lokacin hunturu, mun taso da asuba cikin hazo, sai ga rassan ganye a kan kwalta, kafin direbanmu ya gama fassara su ga tirela a tsaye ba fitila, taku kaɗan a gabanmu. Allah ya kiyaye muka goce. Yaron motar da ya jera ganyen nan aikin allon M42 yake yi, sai dai gargaɗinsa ya zo a makare, kuma da daddare ba a ganinsa.

A Najeriya iyakar gudun ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi kilomita 100 ce, ko da tsakar rana ko cikin hazo ko ana tafka ruwa. Na'urar ƙayyade gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a 2017 tana hana zarce wani mataki, amma ba ta san abin da ke kwance a bayan kwana ba.

Duk da haka ba na goyon bayan a kwaso tsarin Ingila kacokan a ɗora a hanyar Abuja zuwa Kano. Direban Ingila yana bin allon ne saboda ya tabbata takardar tara za ta same shi har gida, kuma ya saba ganin cewa allon ba ya yi masa ƙarya. Wannan yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da rajistar lambobin mota mai adireshin gaskiya, da ma'aikatan da ke kallon hanya dare da rana. Abin da nake ganin zai yiwu yanzu shi ne a zaɓi wurare kaɗan da kowa ya san manyan motoci na jibgewa a bakin hanya, irin su Tafa da Mararrabar Jos, a kafa alluna masu aiki da hasken rana tun kilomita biyu kafin a iso, a ba jami'an sintiri ikon sauke lambar a safiyar hazo da kuma duk lokacin da tirela ta mutu a kan layi.